Sharhi a kan kamshaf mai babban tozo da kayan bawul a injin LS3

Saitin kayan da nake magana a kansa na injin LS3 ne, mai silinda 8 da girman lita 6.2, wanda ya zo a Corvette daga 2008 zuwa 2013, ya kuma zo a Camaro SS mai giyar hannu daga 2010 zuwa 2015. A cikin kwalin akwai kamshaf ɗaya (sandar da tozayenta ke buɗe bawul), sifirin bawul masu ruɓi biyu guda 16 da hulunansu da mazaunansu, robobin wuyan bawul, da sandunan turi 16. Na ɗaura su, na tuƙa motar a cikin gari da kan babbar hanya, kuma hukuncina a taƙaice shi ne kayan sun cika alkawari a babban juyin inji, sun ci bashin ƙaramin juyi, sannan rabin alherinsu ba a cikin kwalin yake ba, yana hannun mai awo da mai saita kwamfutar injin.

Sai an san kamshaf ɗin da aka cire kafin a gane wanda aka sa. Na asali yana riƙe bawul ɗin shan iska a buɗe na digiri 204, na fitar da hayaƙi digiri 211, idan an auna daga ɗagawar inci 0.050. Yana ɗaga bawul ɗin shan iska inci 0.551, tazarar tsakiyar tozayensa biyu kuma digiri 117. Sabon yana da 227 da 239, ɗagawarsa ta ɗan haura inci 0.600, tazararsa 113. Waɗannan lambobin ba ado ba ne. A haɗa 204 da 211 a raba biyu, a debe ninkin 117, za a samu digiri 26.5 ƙasa da sifili, ma'ana bawul na hayaƙi ya riga ya kusa rufewa kafin na iska ya buɗe da gaske. A yi wannan lissafin da sabon, sai a samu digiri 7 sama da sifili: bawul biyun suna buɗe tare na ɗan lokaci. Idan inji yana juyi da sauri, hayaƙin da ke fita yana janyo sabuwar iska a bayansa, silinda ta cika fiye da da. Idan kuwa yana silo, wato yana juyi ba a taka totur ba, hayaƙin ne ke komowa ciki ya gurɓata cakuɗin. Daga nan wannan gurnani mai tsalle-tsalle da mutane ke so yake fitowa. Gurnanin ba ƙarfi ba ne, alamar inji ne da ba ya ƙona mai daidai a ƙaramin juyi.

Aikin kansa ba sai an sauke inji ba, ba kuma sai an ɗaga tof, wato kan injin da bawul ke ciki, ba, amma gaban motar gaba ɗaya zai fita: lagireto, famfon ruwa, fulin karanshaf da murfin taimin. Kwandensar na'urar sanyaya mota ana iya kautar da ita gefe ba tare da an saki gas ba. A Corvette akwai ƙarin wahala, domin sandar sitiyari ta gitta a gaban fulin, dole a kwance ta a matsar. Fulin nan da abin janyowa na musamman ake fitar da shi, kuma da abin turawa ake mayar da shi. Wanda ya nemi ya ja shi ciki da tsohuwar ƙusarsa, zare kaɗan ne zai kama, sai ya ɓata zaren cikin karanshaf, gyaran da ya fi aikin kamshaf ɗin ciwo. Ƙusar kuma ta ɗauri ɗaya ce, tana miƙewa idan an ɗaure ta, saboda haka sabuwa ake sa wa. Ba ta zo a cikin kwalin ba, haka ma gaskit na murfin taimin da na famfon ruwa da robar gaban karanshaf. Wannan shi ne ƙorafina na farko: kayan da ake tallarsu a matsayin cikakken saiti bai kamata su bar mutum da mota a buɗe yana neman ƙusa ɗaya ba.

Wurin da ya fi tsorata masu yi a karon farko shi ne zaro tsohon kamshaf. Lifta 16, wato ƙarafan da tozo ke ɗagawa su tura sandunan turi, suna zaune a kansa, idan ɗaya ta faɗa cikin inji to sai an ɗaga tof ko an sauke kwanon mai. Bayan an cire roka (ƙarfen da ke danna bawul idan sanda ta tura shi) da sandunan turi, ana juya kamshaf ɗin da hannu sau da yawa don tozayen su tura liftocin sama, inda wasu kwandunan roba ke riƙe su. Kwandon da ya tsufa ba ya riƙo. Shi ya sa ake zura sanduna biyu masu kaurin inci 5/16 ta ramukan mai da ke bayan farantin da ke tare kamshaf, su shiga ƙarƙashin liftocin su tokare su. Sannan a zaro a hankali, ana ɗan juyawa, ana tallafe nauyinsa, domin gefen tozo yana da kaifi kuma biyarin da ke cikin bulok ɗin taushi gare shi. Sabon a wanke shi tukuna, ko da ya fito daga leda yana ƙyalli, don akan sami garin ƙarfe a cikin raminsa. A shafa masa man haɗa inji a kowane tozo da kowace gaɓa.

Akwai wani abu da takardar cikin kwalin ta ambata da layi ɗaya alhali ya cancanci shafi. Kamshaf na asali a LS3 ƙusa ɗaya ke riƙe haƙorin taiminsa, wannan sabon kuwa ƙusa uku. Kenan sai an sami wani haƙori mai rami uku, kuma dole ya zama mai tudu huɗu a fuskarsa, irin wanda na'urar karanta juyin kamshaf da ke jikin murfin taimin take ganewa. Idan aka sa na tsofaffin injina mai tudu ɗaya, komai zai ɗauru lafiya, amma motar za ta yi ta jan kiki kafin ta tashi, wutar gargaɗi ta kama. Wajen daidaita taimin, ɗigon haƙorin karanshaf yana kallon sama, na kamshaf yana kallon ƙasa, suna fuskantar juna, fistan na 1 yana ƙololuwa. Ƙusoshin uku ana ɗaure su a Nm 35 da ɗigon maganin hana kwancewa. Wanda zai sauya sarƙar taimin gaba ɗaya sai ya cire famfon baƙin mai, kuma a nan akwai wata 'yar robar zobe a bakin bututun da ke zuƙo mai daga kwano. Idan ta tsinke ko ta karkace wajen mayarwa, famfon zai riƙa zuƙar iska, matsin mai ya faɗi, liftoci su kama ƙara. Roba ce da ba ta kai komai ba, amma ta sa an sake buɗe injina da yawa.

Sifirin su ne abin da ya fi burge ni a cikin saitin. Na asali suna danna bawul a mazauninsa da nauyin wajen fam 90, an kuma yi su ne don ɗagawar asali. Waɗannan suna kusa da fam 150, an ƙayyade su zuwa ɗagawar inci 0.660. Dalilin ƙarin ƙarfin shi ne tozo mai tsini yana wurga bawul da sauri, idan sifirin bai iya maido shi a kan lokaci ba sai ya yi ta shawagi, ƙarfi ya zube a babban juyi, ko fistan ya riske shi. Ana sauya su tof na nan a wurinsa, ko dai a hura iska ta ramin fulogi ta tokare bawul, ko a kawo fistan ƙololuwa yadda ko bawul ya sulluɓe ba zai nutse ba. Hanya ta biyu ta fi kwanciyar hankali, kuma silindoji bibbiyu ke hawa tare: 1 da 6, 8 da 5, 7 da 4, 2 da 3, kowane rubu'in juyi. A toshe ramukan da mai ke komawa ƙasa da tsumma mai tsabta kafin a taɓa 'yan makullan bawul, don ƙanana ne kuma tsalle gare su. Tsayin sifirin bayan an ɗaura shi ana auna shi, ba a ɗauka kawai. A kan wannan tof ɗin yana zagaye da inci 1.800, sannan idan bawul ya buɗe iyaka ya zama akwai rarar aƙalla inci 0.060 kafin zagayen sifirin su manne da juna. Sifirin da ya manne ba ya da sauran inda zai je, sai sandar turi ta lanƙwashe ko roka ta karye.

Sandunan turin ne ƙorafina na biyu, kuma shi ne babba. Ƙarfensu mai kyau ne, sun fi na asali kauri a bango, ba sa lanƙwasa a ƙarƙashin sabon sifirin. Amma tsayin inci 7.400 aka sako, kamar kowane inji iri ɗaya ne. Maƙera kamshaf sukan rage ƙugun da'irar, wato gefen da ba tozo, don su sami ƙarin ɗagawa, sai lifta ta zauna ƙasa kaɗan, sanda ta gaza. Idan kuma an taɓa fere tof ko an sa gaskit mai sirantaka, sanda ta yi tsawo. Rokar LS ba ta da wurin saiti, ana ɗaure ta ne kawai a Nm 30, saboda haka tsayin sanda shi kaɗai ke yanke yawan dannawar da za a yi wa cikin lifta. Ana aunawa da sanda mai zare wadda ake tsawaitawa: a juya inji har bawul na hayaƙi ya fara buɗewa, a auna na iska, a juya har na iska ya kusa rufewa, a auna na hayaƙi. A tsawaita sandar har wasa ya ƙare ba tare da an danna lifta ba, a ƙara adadin dannawar da mai liftar ya rubuta. Sanda gajera tana kawo kaskas kamar keken ɗinki, doguwa kuma tana hana bawul zama, kwamfireshan ya zube, bakin bawul ya ƙone. Da ni ne mai haɗa saitin, da na bar sandunan a waje na sa abin awon a madadinsu.

Haka tazarar fistan da bawul. Fistan na LS3 shafaffe ne, babu gurbin bawul a kansa, bawul ɗin iska kuma faɗinsa inci 2.165 ne. Hatsarin ba a iyakar ɗagawa yake ba, domin a lokacin fistan ya yi nisa ƙasa. Yana kusa da ƙololuwa ne, lokacin da bawul biyun ke buɗe tare, don haka tsawon buɗewa da wurin da aka saita kamshaf sun fi yawan ɗagawa tasiri. Abin da aka saba nema shi ne inci 0.080 a na iska da 0.100 a na hayaƙi. Mai sayarwa ya ce wannan kamshaf yana wucewa a injin da ba a taɓa ba, kuma agogon awo da sifirin gwaji mai taushi sun gaskata shi. Wanda aka fere masa tof kada ya dogara da wannan magana. Rokokin asali suna da kyau da rashin nauyi, sai dai 'yan alluran biyarin da ke cibiyarsu ba don irin wannan matsi aka yi su ba, sauya cibiyar da mai bushin aiki ne da ya dace a yi tun inji na buɗe. A lura rokar iska a wannan tof ɗin karkatacciya ce, ba a musanya ta da ta hayaƙi.

Kafin a saita kwamfuta motar ba ta tuƙuwa yadda ya kamata: tana mutuwa idan an taka kuloci a mahaɗa, tana neman silo tana rasawa. Bayan an ɗaga silo zuwa tsakanin 800 da 900, an gyara iskar silo da lokacin tartsatsi da ma'aunin mai, sai halinta na gaskiya ya fito. Ƙasa da juyi 1,800 a babbar giya tana ɗan fizga, musamman a cunkoso, dole a sauko giya ɗaya. Daga 2,500 ta dawo kamar da. Daga 4,000 zuwa sama wata mota ce daban, inda na asali ke fara gajiya wajen 6,000 wannan yana ci gaba da ja har allura ta kai ja. Da salansar asali ba a ganin duk wannan, kamshaf mai dogon buɗewar hayaƙi yana son manyan bututan fitarwa. Shan mai a cikin gari ya ƙaru, warin ɗanyen mai a silo ya fito, zuƙar iskar da ke taimaka wa birki ta ragu kaɗan, ko da yake a wannan girman fedar ba ta yi tauri ba.

Tunda liftocin masu taya ne, ba a buƙatar doguwar horarwa irin ta tsofaffin kamshaf. Sifirin ne ke son a bar inji ya yi zafi sosai ya huce sarai kafin a matsa masa, kuma kada a ɗaga juyi da sanyin inji ko bayan haka. A sauya baƙin mai da matatarsa bayan gajeriyar tafiya ta farko, a yanka tsohuwar matatar a duba ko akwai ƙyallin ƙarfe. Sifiri masu wannan ƙarfi kayan ƙarewa ne, ana gwada matsinsu lokaci-lokaci a sauya su kafin ɗaya ya karye.

Mai Camaro SS mai giyar otomatik ta waɗannan shekarun ya sani injinsa L99 ne, ba LS3 ba. Yana da tsarin kashe silinda huɗu da tsarin sauya taimin, kuma wannan saitin ba zai shiga ba sai an ɗaga tof an sauya liftoci da murfin tsakiyar inji, an kuma sa kwambata (abin da ke zama madadin kuloci a giyar otomatik) mai kamawa a juyi mafi girma, in ba haka ba motar za ta riƙa turawa a kan birki duk lokacin da aka tsaya.