Wurin hoton wuya da ɗaukar tsoka a Unguwar Rimi: abin da na gani

Idan za ka kai mara lafiya wannan cibiyar gwaje-gwaje, ka tafi da tsofaffin takardunsa duka. Kawuna an yi masa aikin kansar babban hanji a baya, sai ga kumburi a gaban wuya, muryarsa ta dushe. Kowa a gida ya ce maƙoƙo ne.

Likitar da ke ɗaukar hoton ce ta burge ni. Tana shafa masa man nan mai sanyi a wuya tana cewa, "Baba, an taɓa yi maka aiki?" Da ta ji batun hanji, sai ta rubuta shi a takardar da ta raka samfurin da suka zuƙo da siririyar allura. A cewarta kansar hanji hanta da huhu ta fi kamawa, ba kasafai take zuwa tayirod ba, wato halittar nan da ke gaban wuya wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo; wadda ta fi zuwa can ta ƙoda ce. Sai da aka rina tsokar a ɗakin gwaji don a gane asalinta aka ga alamomin hanji da ake kira CK20 da CDX2, babu na tayirod. Wato kansar hanjin ce ta kai wuya, don haka maganinta zai ci gaba da karɓa a asibitin Shika.

Wurin jira kuwa sai haƙuri. Benci ɗaya, fanka ba ta juyawa, dattijo na tsaye. Sakamako ya yi jinkiri, kuma ba sa kira, kai za ka yi ta sintiri. Kuɗin rinin ma daban ne, ka tambaya tun da farko.