Gwajin maƙogwaron Abba a wani lab na kuɗi, yabo da ƙorafi

Ni fa ban taɓa sanin ana gwajin maƙogwaro ba sai da ɗana Abba ya kwana biyu ko koko ba ya iya haɗiya, jiki zafi rau, ga gefen wuyansa ya kumbura. Tun abin mashaƙon nan na 2023 da ya kwashe yara a Kano, da na ji yaro ya ce maƙoshi sai gabana ya faɗi. Hajiyarmu na ta cewa beli ne a kira wanzami, na ce Hajiya ki yi haƙuri likita ya fara gani tukuna. Likita ya haska ya ce bai ga fatar nan mai ruwan toka da mashaƙo ke shimfiɗawa ba, amma akwai mugunya a tonsil ɗinsa, wato tsokar nan biyu da ke gefen maƙoshi, ya rubuta mana MCS, wato gwajin da ake tsirar da ƙwayar cutar a faranti a gane irinta da maganin da ke kashe ta, ya ce mu je a ɗauka kafin a fara magani.

To gaskiya wanda ya ɗauki samfurin, wani dattijo mai gilashi, Allah ya saka masa da alheri. Kafin ya taɓa yaron ya ce Maman Abba kin ba shi antibayotik? Na ce wallahi na sayo Ampiclox a kemis amma ya kasa haɗiyar kafso ɗin, yana nan a jakata. Ya yi dariya ya ce ai rashin haɗiyar nan taimakonmu ya yi, da ya sha ƙila ƙwayar cutar ta ƙi tsirowa, ki biya kuɗi a rubuto miki ba a ga komai ba alhali tana nan. Ya sa na zaunar da shi a cinyata, hannuna ɗaya a goshinsa ɗaya na rungume hannayensa, ya danne harshen da ɗan katakon nan mai kama da na askirim, ya ce Abba ce aaa. Yana zura tsinken audugar yaron nan ya datse haƙora, audugar ta gogi harshe. Ni a raina na ce shi ke nan ai ta taɓa yawu, an gama. Ina! Ya jefa ta a kwandon shara ya farke sabuwa, wai ƙwayoyin da ke zaune a baki dama can za su cika faranti su rufe wadda ake nema. A karo na biyu ya goga tonsil ɗin dama da na hagu da can bayan maƙoshi, Abba ya yi kakarin amai ya sheƙo masa a takalmi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma mutumin nan ko ɓata rai bai yi ba, sannu jarumi kawai yake cewa. Har ya nuna min jan farantin da za su shafa abin a kai, ya ce da jini ake haɗa shi, a ajiye a na'ura mai ɗumi irin na jikin mutum awa 24 zuwa 48, in ƙwayar cutar da ake kira strep ce za a ga ta cinye jan da ke kewaye da ita. Ko sisi bai ƙara min ba na auduga ta biyu. Na fito ina ta sa albarka.

Amma fa da na tuna wahalar karɓar rizal sai raina ya sake ɓaci. Yarinyar da ke zaune a kanta ta ce kwana biyu. Na dawo, wai ba a sa hannu ba. Washegari wai mai sa hannun ya fita. Lambar da ke jikin rasit kuwa na kira ta fi sau goma, a kashe. Kun dai san kuɗin adaidaita yanzu, sawu uku na yi, ga goyo ga rana, ita kuma tana danna waya ko ɗago kai ba ta yi, sai dai ki dawo gobe. Da likita bai ce a fara amoxicillin ana gama ɗaukar samfur ba, da haka yaro zai zauna yana jiran sa hannun wani?

Sai kwana na biyar takarda ta fito, Streptococcus pyogenes, wato strep ɗin nan, kuma a wajen shekaru an rubuta 60 maimakon 6. Na nuna mata ta sa biro ta soke sifilin ta miƙo min, ko a yi haƙuri babu. Likita dai ya karɓa, ya ce a cika kwana 10 na maganin ko da yaro ya warke sarai, don wannan ƙwayar in aka bar ta tana iya jawo ciwon gaɓoɓi ta taɓa zuciya daga baya.

In za ku je ku nemi baban nan mai gilashi ya ɗauka da kansa, sannan ku roƙi lambarsa tun a ranar, ni abin da ban yi ba kenan. Ta kantar nan kuwa har yanzu ban huce ba.