Filtar ruwa mai mataki bakwai: wata takwas da sa ta a kicin ɗina a Jidda

Salam 'yan uwa. Tun bayan sallar layya matan unguwa ke tambayata wai ya na ga filtar nan da muka sa a ƙarƙashin sink, ta biya kuɗinta ko asara ce, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji don na gaji da maimaitawa a waya. Irin mai mataki bakwai ɗin nan ce da ake ce wa RO, mai ɗan tanki fari da ɗan injin tura ruwa da famfonta daban a gefen na wanke-wanke. Riyal 750 muka biya har da kuɗin haɗawa, a wani shagon kayan famfo. In a taƙaice kike so: na ji daɗinta kuma zan sake saye, amma rabin abin da mai shagon ya gaya mana zance ne kawai na ciniki.

Mu bakwai ne a gida har da Hajiya surukata, kuma da ruwan katan muke sha, ƙananan robobin nan. Kullum bola cike da su. Abin da ya fara damuna shi ne yadda ake jibge katan-katan ɗin a ƙofar baƙala, wato shagon unguwa, cikin ranar Jidda, ki ɗauko roba ki ji ta da ɗumi kamar an sauke daga wuta, har wani ɗanɗano ruwan yake yi. Sai babbar 'yata da ke sakandare ta zo min da zancen ɓurɓushin roba, wanda Turawa ke ce wa maikurofilastik, wato duk gutsuren robar da bai kai milimita 5 ba, har zuwa wanda ido ba ya gani sam. Ta nuna min binciken da aka yi a 2018 a wata jami'ar jihar New York, an gwada robar ruwa 259 daga ƙasashe 9, kashi 93 cikin ɗari an samu ɓurɓushin a ciki. Sannan a Janairun 2024 masana a jami'ar Columbia suka ƙirga da na'urar da ta fi gani, suka samu wajen 240,000 a lita ɗaya, kusan kashi 90 cikin ɗari ƙanana ne ƙwarai waɗanda ba su kai maikron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Lita ɗaya fa. Daren nan ban bar Abban yara ya yi barci ba sai da ya ce to za a sayo.

Ranar da mai haɗawa ya zo ne aka yi wasan kwaikwayo. Ya ciro wani abu kamar biro ya tsoma a kofin ruwan famfonmu lamba ta fito ɗari da wani abu, ya tsoma a na filta ta fito 14, ya kalle ni yana murmushi. Bai tsaya nan ba, ya ɗauko wata na'ura mai sandunan ƙarfe ya jona a wuta ya tsoma, kafin minti ɗaya ruwan famfon ya koma kamar ruwan kwata, ja-ja kore-kore, na filta kuma yana nan garau. Hajiya ta dafe ƙirji tana salati, wai dama wannan muke dafa tuwo da shi. Na ce masa to robar fa, tana cire ta? Ya ce komai da komai Hajja, ga shi kin gani da idonki.

Ban ga komai da idona ba. Biron nan, TDS, gishiri da ma'adanan da suka narke a ruwa yake aunawa ta yadda lantarki ke ratsa ruwan, roba kuwa ba ta ɗaukar lantarki, ko cokali guda na garin roba kika zuba lambar ba za ta nuna miki ba. Dauɗar da ta fito kuma tsatsar sandunansa ce, ruwa mai ma'adani yana barin wuta ta wuce sai ƙarfen ya ci, wanda aka tace ba ya bari. Ko ruwan katan mafi tsada kika ba shi haka zai canza kala. Don Allah kada wannan ya sa ki buɗe jaka.

Abin da ya kamata ya faɗa, wanda shi ne gaskiyar amfaninta, girman ƙofofin ne. Shama'ar farko, wato matatar farko, farar nan mai kama da ƙaton kyandir, tana tare abin da ya kai maikron 5, gashin kai kuwa kaurinsa wajen maikron 70 ne. Biyun da ke bin ta gawayi ne, suna ɗauke wari da kulorin. Ta huɗu ita ce uwar tafiyar, wata 'yar fata ce siririya da aka nannaɗe wadda ake matsa ruwan ya ratsa da ƙarfi, ƙofofinta wajen maikron 0.0001, abin da ke tare gishiri ai ɓurɓushin roba ba shi da hanya. Sauran ukun gyaran ɗanɗano ne da mayar da ɗan ma'adani, ni dai ina ganin don a cika lissafi a ce bakwai ne.

Da muka cika wata uku na sa Abban yara ya kwance shama'ar farko. Fara tas aka sa ta, ta fito kalar kunun tsamiya. Na sa wuƙa na tsaga ta a kan tire, wajen ya yi duhu da laka da tsatsa, cikin kuma yana nan da haskensa, na haska da tocilan waya sai ga wasu 'yan zarurruka, ɗaya shuɗi shar kamar na igiyar shanya. Ruwan Jidda daga teku ake tace shi, mafi yawa daga Shu'aiba wadda ke ba Makka da Ɗa'if ma, to amma kafin ya iso kofinki ya bi bututu, ya kwanta a hazzan, wato tankin ƙasa, in an ɗauke ruwa wayit, wato motar ruwa, ya kawo da tiyonsa, sannan a tura shi tankin roba na saman bene da rana ke gasawa shekara da shekaru. Namu tankin ko murfin kirki ba shi da shi sai da na yi wa haris, wato mai gadin gidan, magana.

Amma ga inda na yi turus. Ita kanta filtar roba ce daga sama har ƙasa, shama'ar roba, gidanta roba, tiyo roba, fatar nan ma dangin nailan ce. Kuma masu binciken Columbia sun samu nailan da yawa a ruwan robar da suka gwada, suka ce mai yiwuwa daga irin waɗannan matatun da kamfanoni ke tace ruwan ya fito. Kin ga maganin ma yana da nasa. Shi ya sa ba na wasa da canji, ta farko duk wata uku, gawayi wata shida, kuma duk sanda aka sa sabuwa sai na zubar da tanki biyu kafin kowa ya sha, daga nan sai tulun gilashi ko filas na ƙarfe.

Matsalolinta kuwa akwai su. Tana ɓarnar ruwa, kowace lita ɗaya mai kyau wajen uku na tafiya kwata, a garin da ake sayen ruwa a mota wannan abin kunya ne, sai na zare tiyon na sa a bokiti muna mofin da shi. Injin yana gurnani cikin dare kamar tsohon firij. In aka yi baƙi tankin ya ƙare sai an jira fiye da awa. Sati na biyar wani mahaɗi ya fara ɗiga ya jiƙa min katakon kabad har ya kumbura, mai shagon da ya rantse garanti shekara biyu na kira ya fi sau goma, kullum bukra in sha Allah, wato sai gobe, ƙarshe ɗan maƙwabciyata ya ɗaure da farin tef ɗin famfo cikin minti biyar.

Hajiya har yau cewa take, mu da muka sha ruwan rijiya da randa me ya same mu. Na ce Hajiya ai randarku ta ƙasa ce, ba fiya wata ba. Kuma ba na tsorata ta fiye da kima, don Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2019 cewa ta yi bisa hujjar da ke hannu haɗarin a ruwan sha bai yi yawa ba, a ƙara bincike. Sai dai bayan nan a 2022 a Amsterdam an samu roba a jinin mutum 17 cikin 22, a 2024 kuma likitoci a Italiya suka same ta a kitsen da ke toshe jijiyar wuya na fiye da rabin marasa lafiya 257, kuma waɗanda ke da ita sun fi fuskantar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hajiya mai hawan jini ce, wannan ya ishe ni dalili.

Juma'ar da ta wuce mun je Kornish, bakin teku, da yara, na kai filas biyu daga gida, amma gefenmu tsakanin duwatsu murafan roba ne da leda da kofunan shayi, rana da igiyar ruwa na ta farfasa su. Masana a jami'ar KAUST da ke Suwal, arewa da Jidda, sun gano cewa robar da ke yawo a saman Bahar Maliya ba ta da yawa in aka kwatanta da Bahar Rum, babu kogin dindindin da ke kwararo shara cikinta, sai dai wadda ta shiga tana maƙalewa a jikin murjani da lakar itatuwan bakin teku. A 2018 sun fede kifi 178 suka ciro gutsure 26, na leda da na zaren kamun kifi. Tun da na ji haka in na sayo kifi a kasuwar Bangala da kaina nake tsayawa a cire kayan cikin tas. Ga injin wanki kuma, jami'ar Plymouth ta Ingila ta auna wanki kilo 6 na kayan akirilik, wato yadin roba, ya saki zare sama da 700,000, mu kuwa abayoyinmu da barguna duk roba ce, filtar kicin ba ruwanta da wannan.

In gidan haya kike ki tambayi mai gida kafin a huda sink, ki kuma tambayi kuɗin shama'o'in tun a shago, namu saitin ukun farko riyal 45 ne amma fatar ta fi ɗari. Katan ɗin da muke saye takwas a wata yanzu ɗaya ne, na mota da na makaranta, shi ma a ɗaki nake ajiyewa ba a bayan mota ba.