Ashe ba famfon sitiyarin ne ya mutu ba

Wata biyu na yi ina fama da kukan sitiyari a Honda Accord ɗina ta 2005, wadda ake ce wa EOD. Da asuba in na tayar da ita, musamman a sanyin hunturun nan, sai ta riƙa wani kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Da na karya kan mota zan fita layi, maƙwabta sun san ni ne. Sitiyarin kuma ya yi nauyi, fakin sai da hannu biyu.

Bakaniken da na saba kai wa ko minti biyu bai yi a gaban bonet ba ya ce famfo ya mutu, in je Ƙofar Ruwa in nemo ɗan Beljiyam. Kun dai san abin da famfo yake kaiwa yanzu. Har na fara haɗa kuɗin, sai wani abokin aikina ya ce in fara gwada wani dattijo da Honda kawai yake taɓawa.

Nan na sha mamaki. Ya buɗe murfin tankin man sitiyarin, ya tsoma yatsa, ya nuna min. Man ya yi ja-ja baƙi-baƙi, duk kumfa, ga warin ƙuna. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wa ya zuba maka man giya a nan?" Na yi shiru, don fiye da shekara wancan jan man ake ƙara min duk sanda ya yi ƙasa. Ya ce tsofaffin Camry da Corolla ne suke shan ATF, wato jan man giyan nan, a sitiyari, ita Honda nata daban ne, mai haske, kuma jan yana lalata mata robobi a hankali. Abin kunyar, haka yake a rubuce a littafin motar, wanda yake kwance a cikinta tun ranar da na saye ta.

Sai ya kwance bakin tiyon da ke kai mai cikin famfo, ya zaro wata 'yar roba mai kama da zobe. Ta bushe ta ƙandare. Ta nan famfon yake zuƙar iska, iskar ta gauraya da mai ta zama kumfa, shi ne kukan. Mai ba ya ɗiga ta wajen, shi ya sa ido ba ya kamawa. Robar nan ko kuɗin kwanon shinkafa ba ta kai ba.

Ya zuƙe tsohon man, ya cire tiyon da ke dawo da mai ya sa a gora, ya ɗaga gaban motar da jak, yaronsa yana juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe har daɓalɓalon ya fita. Ya wanke tankin, don akwai rariya a gindinsa da ta toshe. Ya zuba sabo, aka yi ta juyawa har kumfa ta ɗauke. Da aka tayar, tsit. Da yatsa biyu na juya ta, wallahi har dariya na yi.

To amma kada in zuga shi da yawa. Ƙarfe tara na je, sai bayan la'asar na bar wajen, aikin da bai fi awa ɗaya ba. Yana fara tawa sai a kira shi kan wata. Yaron kuma ya bar min shatin hannunsa na baƙin mai a kujera da ƙofa, ya kuma ɓarar da mai a kan bel bai goge ba. Washegari ina kan titin Zariya wani sabon ƙara ya tashi, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan famfon ne da gaske. Da na koma, dattijon ya goge bel ɗin, ko haƙuri bai ba ni ba, wai "ai yara ne, Alhaji."

Ga kuma zancen kwalaben sabon man. Kuɗin huɗu ya karɓa, ni kuwa uku na ƙirga a ƙasa. Ban yi magana ba, saboda ya tsirar min da kuɗin famfo, amma abin ya tsaya min a rai.

Sati uku ke nan, ko da asuba ba ta kuka. Ya ce in sa ido a robar rak ɗin sitiyari ta gefen direba, ta ɗan yi damshi. In ta ƙaru wajensa zan koma, sai dai man da kaina zan sayo, kuma kujera zan ja in zauna a gaban motar.