Hattara da mai cewa zai sabunta muku kyamarorin tsaro na gida

Jama'a, ku bari in faɗa muku abin da ya same ni, don kada wani ya afka ramin da na afka. Kyamarori huɗu nake da su a gida, tsofaffin nan masu shiga DVR (na'urar da ke naɗar hotunansu), waɗanda da daddare sai dai ka ga inuwar mutum, fuska kuwa babu. Wani ya same ni ta WhatsApp da hotunan ayyukan da ya ce nasa ne. Ya ce zai cire tsofaffin ya sa min sababbi masu 4K (hoto mai tsananin kyau), da NVR (sabuwar na'urar naɗar hoton), da tsarin PoE, wato wuta da hoto duk su bi waya ɗaya. Ranar da ya gama na buɗe wayata, ga ƙofar gida nan tar. Nan take na cika masa kuɗinsa.

Bayan wata biyu aka fasa gilashin motar baƙona cikin dare. Na koma baya in ga wanda ya yi, sai na tarar babu hoton wannan daren gaba ɗaya. Na kira mutumin har na gaji, daga ƙarshe ya toshe lambata. Sai da na samo wani ma'aikaci mai amana ya bi aikin tun daga tushe, sannan asiri ya tonu.

A wayar haɗa kyamarorin ya fara cuta ta. A jikinta an rubuta Cat6, wato sunan ajin wayar, amma da aka kankare silin da wuƙa sai ga fari a ciki: alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, abin da masu sana'ar ke kira CCA. PoE na gaskiya yana tura wutar kusan volt 48, kuma ƙa'idar 802.3af ba ta ba kowane ramin soka waya fiye da wat 15.4 ba, a tsawon da bai wuce mita 100 ba. Wannan lissafin duk a kan jan ƙarfe zalla aka gina shi. Alminiyam yana cinye wuta a hanya. Da rana kyamara ba ta jan wuta sosai, shi ya sa komai ke tafiya lafiya lau lokacin da mai aikin ke tsaye a gabanka. Da duhu ya yi, fitilun infrared, masu ba kyamara damar gani a duhu, suka kunna, buƙatar wuta ta ƙaru, sai kyamarar da ta fi nisa ta riƙa mutuwa tana tashi. Tawa ta ƙofar gida ita ce mafi nisa, kuma a daidai lokacin da ɓarawo ke zuwa take suma.

Faifan ajiyar da ke cikin NVR ɗin ma tsohon na kwamfuta ne da aka manna wa sabuwar takarda. Bayanan SMART da ke cikinsa, wato rahoton da faifan ke ajiyewa kan lafiyarsa, sun nuna ya yi dubban awanni yana aiki kafin ya zo hannuna. Akwai faifan da aka ƙera musamman don naɗa dare da rana, irin su WD Purple da Seagate SkyHawk, kuma kuɗin irinsu ya karɓa. Batun 4K kuwa ba ya buƙatar gardama: 4K shi ne 3840 da 2160, kimanin megafiksel 8. Da muka shiga saitin, 1920 da 1080 muka gani.

Ɗaurin ma haka ya yi shi. Ya bar mahaɗin waya a fili babu akwatin kariya, har ruwa ya fara cin sa. Ɗaya kyamarar ya manna ta dab da bango, hasken infrared yana dawo mata a ido, hoton dare ya zama fari fat.

Amma wallahi abin da ya hana ni barci ba kuɗin ba ne. Na'urar da sunansa ya yi mata rajista a manhajar, ni kuma ya raba min kallo kawai kamar baƙo. Galibin irin waɗannan manhajoji asusu ɗaya ne ke mallakar na'ura, saura 'yan kallo ne. Ashe wata biyu cur wannan bawan Allah yana da damar ganin shigar iyalina da fitarsu, ya san lokacin da gida ke zama babu kowa. Kalmar sirrin NVR ɗin ma mai sauƙi ce da shi ya zaɓa. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da muguwar manhajar kutse ta Mirai a 2016, lokacin da aka yi amfani da kalmomin sirrin da kamfani ke sakawa aka mamaye ɗimbin kyamarori da DVR a duniya.

Da na ce a canza NVR a bar kyamarorin, sai aka ga ba sa jin ONVIF, ƙa'idar da ke sa kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki tare. Sunan babban kamfani ne a kwali, amma lambar jikinsu ba ta dace da komai a shafin kamfanin ba. Dole duk a sauke su.

Don Allah, duk wanda zai yi wannan aikin, kada ya cika kuɗi da rana. Ka bari dare ya yi, ka kwana, da safe ka koma baya ka duba ƙarfe biyu da ƙarfe uku na dare a kowace kyamara. Ka sa a yanko maka guntun waya ka kankare da hannunka. Idan masu Wi-Fi ne, ka tambaya tun kafin a huda bango, domin da yawansu 2.4GHz kaɗai suke kamawa, ba sa ganin 5GHz. Asusun manhaja kuma kai za ka buɗe da lambarka, kai za ka sa kalmar sirri, shi ya juya baya.

Ni dai yanzu na zare wayar intanet daga NVR ɗin, na kashe kyamarar da ke kallon tsakar gida, sai ranar da aka sauke kayansa gaba ɗaya.