Gidan kallon da ke nuna tsohon besbol a Sabon Gari

Akwai wani gidan kallo a Sabon Gari da ba Firimiya kaɗai yake nunawa ba. Ranar da babu ƙwallo, mai wurin kan ɗora tsofaffin wasannin besbol na Amurka. Na dace da wasan ƙarshe na World Series, wato gasar fitar da zakaran besbol na Amurka, na 1991, tsakanin Minnesota Twins da Atlanta Braves.

Zagaye tara babu wanda ya ci ko ɗaya. Jack Morris, mai jifan Twins, shi kaɗai ya jefa zagaye goma cur, Braves ba su samu komai ba. A na goman Gene Larkin na Twins ya doka ƙwallon, abokin wasansa Dan Gladden ya shigo gida, wato ya ci maki, aka tashi 1-0.

Abin da ya burge ni shi ne haƙurin mai wurin. Yakan tsayar da faifan ya ce, "Malam, duba nan, Lonnie Smith na Braves ya yi jinkiri wajen gudu, da tuni sun ci." Ba don bayaninsa ba, da barci zan yi.

Amma fanka ɗaya ce ke aiki, bencin na ƙwaƙular baya, ƙarar janareta kuma ta cinye muryar mai sharhi. Ka kama bencin gaba, kusa da sifika.