Wasan Koyar da Aikatau Masu Rakiya na Turanci: Kati, Allo ko Manhaja?

Duk malamin Turanci da ya taɓa shirya ɗalibai domin jarrabawar WAEC ko NECO ya san inda suka fi yin tuntuɓe, wato aikatau masu rakiya, waɗanda ake kira phrasal verbs. Yaro ya san give, ya san up, amma da zarar an haɗa su sai ma'anar ta koma daina abu ko fid da rai. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin wanda ya ci amana ko ya sha kashi bai kai komai baki ba. Don haka kafin malami ko uba ya fitar da kuɗinsa, abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne ko wasan zai tilasta wa ɗalibi ya gina jimla da bakinsa.

Katunan da ake sayarwa iri biyu ne. Akwai masu aikatau a fuska ɗaya da ma'anarsa a bayan katin, akwai kuma masu cikakkiyar jimla da gurbin da za a cike, kuma na biyun sun fi amfani nesa ba kusa ba. Mai saye ya buɗe fakitin ya nemi take off, ya ga ko an kawo tashin jirgi da tuɓe riga duka biyu, domin katin da ya ba da ma'ana ɗaya tak zai ruɗa yaro ranar da ya gamu da ta biyun. Ya kuma duba ko an nuna inda wakilin suna yake zama, tunda turn it off ake cewa, alhali look after it ba ya rabuwa. Wannan ƙa'ida ce ɗalibanmu suka fi karyawa a rubutun insha'i, kuma abin yana damuna ƙwarai ganin yadda fakiti masu kyan hoto suke tsallake ta. Fakiti ɗaya ba ya wuce yara huɗu ko biyar, saboda haka mai aji na mutum sittin sai ya yi lissafin fakiti goma sha biyu.

Wasan allo mai kama da ludo ya fi dacewa da gida, domin a darasin minti 40 jiran layi yana cinye rabin lokacin. Scrabble kuwa, duk da farin jininsa a Najeriya musamman tun da ɗan Najeriya Wellington Jighere ya ci gasar duniya a 2015, kalma guda guda ake jerawa a cikinsa, ba shi da gurbin wannan aiki.

A ɓangaren manhaja, Kahoot!, wadda aka ƙaddamar a Norway a 2013, tana tayar da aji da gasa, amma tana buƙatar intanet da waya a hannun kowane ɗan wasa ko rukuni, ga shi kuma makarantun sakandare da yawa sun hana shiga aji da waya. Yawancin tambayoyinta zaɓi ne daga amsoshi huɗu, kuma sauri yana ƙara maki, wanda ya sa ta fi dacewa da bita. Anki, manhajar katunan bita, kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, tana aiki ba tare da data ba, tana kuma dawo wa mutum da katin da ya manta, sai dai ta mai karatu shi kaɗai ce.

Idan kuɗin kaɗan ne, ni a ganina a sayi ƙamusun aikatau masu rakiya na Oxford ko Longman, sannan a sayi kwali da maka ta rubutu. Malami ya zaɓi aikatau goma a mako, ya rubuta jimlolin da yara suka san rayuwarsu, kamar The generator broke down ko We ran out of water, ya raba ajin rukuni rukuni. Ɗaya ya ɗauki kati ya kwaikwayi aikin ba tare da magana ba, sauran su faɗi jimlar, kuma ba a ba da maki sai wani ya sake gina tasa da aikatau ɗin. A naɗe kowane kati da salatif domin ya kai ƙarshen zango.